Kafin Ki Tafi, Ki Shiga Kwarbai

Tudun Wada, Zariya
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Saratu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a tsakanin akwatunanki a unguwar Kongo. Mamanki ta ce kin kusa gama ɗaure kaya, saura littattafai. Allah ya tsare ki ranar Litinin, ya tsare motar da direbanta, ya sauke ki Legas lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ke tsakaninki da shi tafiyar minti goma ce. Kin dai san ni. Shekara talatin da biyar na yi ina rubuta abin da wasu suka faɗa a taro, har bakina ya yi nauyi. Idan na zauna gabanki, ke da kika karanta shari'a, kafin in haɗa jimla ɗaya kin kawo mini hujja uku. A takarda kuwa dole ki bari in kai aya.

Maganar ranar Lahadi ce ta sa ni rubutu. Bari in maimaita yadda abin ya faru, don kada mu yi gardama a kan abin da ba a yi ba. Aikin da kika samu ya nemi takardar shaidar asali. A sakatariya suka ce sai da sa hannun mai unguwa. Kika shiga birni, mai unguwa ya tambaye ki 'yar gidan wa ce, kika ce 'yar Bulus, ya ce bai san wani Bulus a unguwarsa ba, ki zo da babba daga gidanku. Kika dawo kina huci. Mamanki, ba tare da ta shawarce ni ba, ta kira matar yayana a waya. Bayan kwana biyu sai ga takarda da sa hannu da hatimi, domin Baffanki Sani, wanda idonsa ya kusa tafiya, ya sa an riƙe masa sanda har zauren mai unguwa ya shaida cewa ke 'yar gidansu ce. Muna cin abinci ranar Lahadi mamanki ta ce ya kamata ki shiga Kwarbai ki yi masa godiya, ki kuma yi sallama. Kika ajiye cokali kika ce, "Godiyar me? Haƙƙina ne a doka. Mutanen da suka kori Baba ba dangina ba ne. Ni 'yar mulkin Allah ce, ba ni da gida a cikin ganuwa."

Ban ce uffan ba, kika ɗauka na goyi bayanki. Ban goya ba. Shiru na yi don muryata na ji tana fitowa daga bakinki, kusan kalma da kalma, kuma ba daɗi mutum ya sake jin kansa yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Mai unguwa dai bai yi miki laifi ba. Ni kaina na yi shekara bakwai a teburin da ake ba da irin wannan takarda, kuma da ni kika tarar, abin da zan faɗa miki ke nan. Abin da nake nema a wurinki guda ɗaya ne, ki shiga ki gaida Baffanki kafin ki tafi. Sauran abin da ke cikin wasiƙar nan dalilai ne, kuma yawancinsu kurakuraina ne.

Ɓatan da na fara yi a kan kalma ne. A Kwarbai aka haife ni, inda yaro ke sanin fada kafin ya san baƙaƙe. A cikin birni komai yana da ciki da waje. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, amma kowa ya san inda ta bi. Akwai 'yan birni, akwai mutanen waje, kuma wanda ya shekara hamsin a Tudun Wada baƙo ne a wurinmu har gobe. Da na ba da gaskiya ga Almasihu, na ji ana ta maganar mulkin Allah, sai kaina ya fassara mini da abin da ya saba da shi. Masarauta na gani, da ganuwarta, da ƙofarta, da mai tsaron ƙofa riƙe da rajista. A tunanina na fita daga wani birni ne na shiga wani, kuma duk wanda na baro a na farko ya zama mutumin waje.

Malam Bitrus, tsohon mai bisharar da ya koyar da ni kafin baftisma, ya lura da haka. Wata rana ya tambaye ni me ya sa a addu'ar da muke yi kullum muke roƙon mulkin ya zo, maimakon mu roƙa a kai mu can. Na ce ban sani ba. Ya ce, "Masarauta ƙasa ce, kai ke zuwa ka same ta. Mulki shi ke zuwa ya same ka. Duk inda aka ji maganar Sarki aka yi ta, nan mulkinsa ya iso, ko a zaure ne ko a bakin murhu." Na rubuta maganar a bayan littafina, na ja mata layi biyu, ban gane komai ba. Sai da na haura arba'in sannan ta fara shiga.

To ke ma ki lura da kalmar. Idan kika ce ke 'yar mulkin Allah ce, ba adireshi kika faɗa ba. Kin faɗi wanda maganarsa ke bisa kanki ne. Don haka tambayar da za ki riƙa yi wa kanki a Legas ita ce, a nan inda nake tsaye, me Sarkin ya ce in yi. Lissafin wa ke ciki wa ke waje ba a ba ki shi ba, ni ma ba a ba ni ba, na dai karɓa da kaina.

Labarin korata da kika taso kina ji gaskiya ne, amma rabi ne. Kakanki, Malam, malamin zaure ne, mutum mai magana ɗaya. Da ya tabbatar na bi Almasihu, bai dake ni ba, bai tara mini jama'a ba. Ya kira ni ya ce na zaɓi hanyata, kada in sake kwana a gidansa. Ya rasu bayan shekara uku bai ƙara yi mini magana ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, kuma ba zan ce miki daidai ne ba. Akwai waɗanda abin da ya same su ya fi nawa muni nesa ba kusa ba, ban kuma raina wahalar kowa ba. Amma Inna, kakarki, ba ta taɓa korata ba.

Wata uku bayan fitata na shiga gidan da rana, lokacin da na san Malam ya tafi ɗaurin aure. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Babangida, ka rame." Sunan mahaifin Malam aka sa mini, saboda haka ita ba ta taɓa kama sunana na yanka ba tun da aka raɗa shi, Babangida take cewa. Ni kuwa na shigo da sabon suna da sabuwar riga da kai a kumbure. Na ce mata daga yau Bulus ne sunana, tsohon sunan ya mutu, in ba za ta kira ni da sabon ba gara ta bar kirana. Ta daɗe tana kallona, rariya a hannunta, sannan ta ce, "Ni da ban taɓa kiran na farkon ba, ina ruwana da na biyu?" Sai ta tashi ta ɗebo mini ruwa a randa. Ban sha ba. Na fita ina jin kaina jarumin bangaskiya, ban sake taka gidan ba tana da rai.

Sai daga baya na gane abin da take faɗa mini. Ita ba da sunan Musulunci ko na Kirista ta san ni ba, da sunan da ta raɗa mini da kunyarta ta san ni, kuma wannan ba abin da zai taɓa shi. Ni na je neman a tsananta mini, da ba a yi ba sai na ƙirƙiro. Ki yi hattara da wannan. Wahala saboda Almasihu tana zuwa da ƙafarta, ba sai an je an tono ta ba. Idan kika ga kina jin daɗin a ƙi ki, ki tsaya ki duba, mai yiwuwa ba Ubangiji kike wa shaida ba, kanki kike wa.

Ko sunanki ma akwai abin kunya a ciki. Saratu sunan Inna ne. Mamanki ta zaɓa, ta kuma san abin da take yi. Ni na ce wa jama'a daga Maganar Allah muka ɗauko. Duk Bahaushen da aka sa wa 'yarsa sunan uwarsa yakan sakaya, ya ce Ummi ko Mama. Ni kuwa na riƙa kiran sunan gatsau a gaban kowa don in nuna ba na Inna ba ne, har bakina ya saba.

Da na rasa birni, sai na mayar da ikilisiya birni. Saboda ina da rubutu mai kyau aka ba ni sakatare ina ɗan shekara ashirin da tara. Rajista ta dawo hannuna, da katin jibi, wato katin da cikakken mamba ke nunawa kafin ya ci Jibin Ubangiji. Litinin zuwa Juma'a ina tantance 'yan asali a sakatariya, Lahadi ina tantance 'yan mulki a majami'a, kuma ban ga bambancin aikin biyu ba. A shekarar ne wata tsohuwa, Mama Tabita, mai ƙuli-ƙuli, ta dawo wurin ɗanta daga ƙauye. Ta ce an yi mata baftisma tun kafin a haife ni. Na ce ta kawo takarda daga ikilisiyarsu. Ta ce faston da ya yi mata ya rasu, littafin kuma gara ta cinye. Na ce ba takarda, ba kati. Fasto ya so a ɗaga mata ƙafa, na buɗo masa ƙa'ida shafi da layi, ya haƙura. Wata takwas tana zama a bencin baya ranar jibi, faranti da ƙoƙo suna wuce ta. Duk da haka kowace Asabar ita ke fara isowa da tsintsiya.

Sai aka haife ki, haihuwar kuma ta zo da gardama. Mamanki ba ta da uwa a raye, ni kuwa na toshe hanyar tawa. Ba mai yi mata wankan jego. Ranar da muka dawo daga asibiti, da sassafe na ji ana faskare a bayan ɗaki. Mama Tabita ce, ta zo da tukunyarta da ganyenta, ba wanda ya aike ta. Ta kalle ni ta ce, "Sakatare, in ɗora ruwan, ko shi ma sai da takarda?" Ba da zafi ta faɗa ba, dariya take yi. Kwana arba'in tana zuwa safe da yamma, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa miki cibiya. Na rubuta mata katin a sati na biyu na kai mata har bakin murhu. Ta karɓa, ta juya shi, ta ce ba ta iya karatu ba, in ajiye mata a wurina.

Ba ina cewa rajista banza ba ce. Ikilisiya tana bukatar tsari, kuma in kika je Legas ki nemi ikilisiya mai koyar da gaskiya, ki kai takardarki ta baftisma, ki zauna a ƙarƙashin dattawanta. Amma ki san iyakar littafi. Rajistar da ke cikin kabad ta mutane ce, gara tana cinta. Shiga mulkin Allah ba da asali ba ne, ba da sa hannun wani ba. Da alheri ne, mutum ya tuba ya dogara ga Almasihu, Ruhu ya sake haihuwarsa. Ke kanki ba don ke 'yar Bulus ba ce kika shiga, ni ma ba don na sha kora ba. Kyauta aka yi mana, kuma wanda aka shigar da shi kyauta ba shi da bakin tsayawa a ƙofa yana ɗaga wa mutane hanci.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Mamanki ta sani, na roƙe ta ta yi shiru.

Ƙaramar Sallar farko bayan fitata, da hantsi, sai ga Yaya Sani a kan kekensa a ƙofar ɗakin da nake haya, da langa ɗaure cikin tsumma a bayan keken. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe daga Inna. Ki lura, ba naman layya ba ne, balle in ce lamirina ne ya hana ni. Tuwo ne irin wanda na ci tun ina rarrafe. Na tsaya a bakin ƙofa na ƙi karɓa. Ya ce, "To me zan ce mata?" Na ce, "Ka ce mata ni yanzu ɗan wani gida ne." Ya dube ni, ya juya kekensa ya tafi. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, na sake mayar da shi. Keke ya zama babur, ɗakin haya ya zama gidan nan, ya ci gaba da zuwa. Daga baya ma ba ma magana, yakan tsaya ya yi sallama, in girgiza kai, ya juya. Da na yi aure mamanki ta so ta karɓa, na hana ta, muka yi kwana uku ba ma shiri. Sau goma sha ɗaya ya zo. Ni a raina ina cewa Inna ce mai taurin kai, an faɗa mata ta ƙi ji.

Kina shekara biyar ta rasu. Saƙo ya same ni a ofis, kafin in isa an kai ta. Na zauna a gefen zaure cikin masu gaisuwa kamar baƙo. Ranar uku Gwaggo Asabe, ƙanwar Malam da ke aure a Ƙofar Gayan, ta aiko a kira ni cikin gida. Ta ce ta gode mini da ban yanke zumunci da uwata ba, Allah ya yi mini albarka saboda sabulun. Na ce wane sabulu. Ta yi tsammanin kunya ce ta sa nake ɓoyewa, sai ta ba ni labarin da kaina. Ta ce kowace Sallah Sani kan dawo da langar a wanke, da sabulu mai ƙamshi guda ɗaya a ciki, ya ce Babangida ya ci, yana gaisuwa, ga abin da ya bayar. Kin san ba a mayar da kwano babu komai. Inna ba ta taɓa wanka da ko ɗaya ba. Tarawa take yi a cikin adakarta tare da likkafaninta, ta kuma bar wasiyya cewa da shi za a yi mata wankan ƙarshe. Gwaggo ta ce da shi aka yi.

Daga baya na binciko sauran. Yaya yakan kai tuwon wurin masu jinya a bakin asibiti, ya tsaya a famfo ya wanke langar, ya biya kanti, sannan ya koma gida. Ko Inna ta gane, ban sani ba. Mace ce mai lura, kuma ta san ɗanta. Wani lokaci nakan ce ta sani ta rufa mana asiri mu biyu, wani lokaci nakan ce ba ta sani ba. Duka biyun ba wanda ke ba ni sauƙi.

Ba zan yabi ƙarya ba, ke ma kada ki yaba. Amma ki auna. Sarkin da nake cewa ina ƙarƙashinsa ya umarta a girmama uwa da uba, ya umarta a ƙaunaci ko maƙiyi, ya kuma ci abinci da mutanen da masu addinin zamaninsa ke ƙyama. Shekara goma sha ɗaya, a kan maganar Inna, ni mai katin jibi da rajista ban yi ko ɗaya ba. Wanda ya yi abin da ya kamata in yi shi ne Yaya, maɗinkin da na sa a lissafin mutanen waje. A wannan ƙofar, a waɗannan ranakun, mulkin Allah bai iso wurina ba, don na ji maganar na ƙi yi. Na tuba, na kuma gaskata an gafarta mini. Gafara dai ba ta dawo da ranakun ba.

Na san inda za ki tare ni, lauya. Za ki ce to Baba ya koma cewa duk hanya ɗaya ce. Ban ce ba. Ni na gaskata babu ceto sai ta wurin Almasihu, a kan haka na bar gidan ubana, a kan haka zan mutu. Yaya ma ya san haka, shi kuma yana kan abin da ya gaskata, kuma bai taɓa yi mini fuska biyu a kai ba. Ina yi masa addu'a kowace safiya da sunansa, ba na shakka shi ma yana yi mini tasa. Abin da nake cewa shi ne, shaida aka ce in zama, ba alƙali ba. Kuma wace shaida na bayar? Abin da mutanen Kwarbai suka sani game da Almasihu daga wurina shi ne yana sa mutum ya mayar da tuwon uwarsa, sai dai Yaya bai bari ko wannan ya kai kunnensu ba. Za ki kuma ce ai a Maganar Allah an nuna mana birni mai ganuwa a ƙarshen zamani. Haka ne. Ki sake karantawa a hankali, ki ga ko ana rufe ƙofofinsa. Kuma wannan sai ranar da Sarkin ya dawo ya cika mulkinsa. Kafin nan mulkin yana aiki ne a ɓoye kamar yisti a cikin ƙullu, yisti kuwa in aka ware shi a kwalba ba abin da zai tayar.

Kuskurena na ƙarshe ke ya shafa. Bayan duk wannan, da kike tasowa kina tambaya me ya sa ba ma zuwa gidan kakanni, rabin da ya fi mini daɗi na ba ki. Na ba ki Malam da korarsa, na ɓoye Inna da langarta. Na bar ki kina kallona a matsayin wanda aka zalunta, don hakan ya fi sauƙin ɗauka. Fushin da kika yi ranar Lahadi ni na shuka shi, kin yi shi ne don kina ƙaunata, na kuma gode. Amma a kan labarin da bai cika ba kika yi shi. In Allah ya ba ki 'ya'ya, ki faɗa musu inda kika yi laifi tun suna ƙanana, ya fi a rubuta musu a wasiƙa suna shirin shiga mota.

Kina da gida a cikin ganuwa, ko kin so ko kin ƙi. Zama 'yar mulkin Allah bai soke wannan ba, ya dai ƙara miki nauyi a kansa. Takardar da ke cikin jakarki haƙƙinki ce a doka, na yarda. Amma doka ba ta ce tsoho mai ciwon ido ya tashi daga kan buzunsa ya taka har zauren mai unguwa ba. An ce mini da mai unguwa ya tuna masa cewa uban yarinyar ya bar gida, Yaya bai yi dogon bayani ba, ya ce jininsa ce, a sa hannu.

Ga halin da yake ciki, kamar yadda matarsa ta faɗa wa mamanki. Aikin allura ya cinye masa ido, shekara arba'in yana sunkuye a kan wuyan babbar riga. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama, in da rana ne kuma mutum ya matso kusa, yana iya gane fuska. Likita ya ce da wuya hakan ya kai ƙarshen shekara. Ke kuma ba za ki samu hutu ba sai baɗi. Rabonsa da ganinki kusa tun kina firamare. Da ya dawo daga wurin mai unguwa bai tambayi ko za ki zo godiya ba. Abin da ya tambayi matarsa shi ne, wai da wa kika yi kama. Ta ce ba ta sani ba, ita ma ta daɗe ba ta gan ki ba.

Ba zan tilasta miki ba. Kin girma, kuma na ga abin da tilas ke haifarwa. Amma ga abin da ni zan yi. Shekara ashirin ke nan da na ji labarin sabulun, muna haɗuwa da Yaya a wurin biki da ta'aziyya, mu gaisa, mu tambayi iyali, ban taɓa buɗe baki na ce masa na sani ba, balle in ce na gode, balle in ce ya yafe mini. Kunya ce ta hana ni, da ragowar girman kai. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu zan tsaya a bakin Ƙofar Doka. Na zaɓi huɗu don ya idar da la'asar, kuma da sauran haske. Zan jira ki rabin awa. In kin zo, mu shiga tare, ki durƙusa kusa da shi ta gefen dama, kada ki yi sauri, ki bari ya dube ki. In ba ki zo ba, zan shiga ni kaɗai in faɗi abin da ke bakina, kuma ba zan riƙe ki da komai ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoron zauren nan, kuma zai fi mini sauƙi in kina gefena.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki bar wuri a jaka don yajin da ta daka miki. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, da wanda ya fi kusa, na zuciya. Ya sa a ji maganarsa a yi ta a ɗakin da za ki kama da ofishin da za ki zauna. Ya ba ki tawali'un da ni ban samu da wuri ba. Alherin Almasihu ya kasance tare da ke, a Legas da duk inda ƙafarki ta taka. Amin.

Ni ne mahaifinki.